Wurin Inna a Sabon Faifai

Laftof ɗina ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ɓera a bayan buhun gero. Na ɗauke ta daga Kusada, inda nake koyarwa, na kai wa wani mai gyara a bakin titin Kankia. Ya kara kunne ya saurara, ya ce faifan ajiyar da ke cikinta ne ke shirin mutuwa. Sai a kwafe shi gaba ɗaya zuwa sabo, komai ya koma mazauninsa.

Ya ɗauko sabon faifai ya haɗa su, ya danna, na'urar ta ƙi. Sabon faifan ya fi tsohon sauri amma bai kai shi ciki ba, tsohon kuwa cike yake maƙil.

"Malama, sai an rage kaya," in ji shi. "Babba sai an aiko daga Kano, wannan tsohon kau ban ce maki zai jira ba."

Kayan da suka cika ta ba nawa ba ne. A danginmu ni kaɗai ke da kwamfuta, don haka ta zama rumbun kowa. Duk wanda wayarsa ta cika sai ya zo daga ƙauyenmu Dudunni ya juye mini, ya ce ajiya ce. Wa'azi, bidiyon suna, hoton ragon layya ta gaba da ta baya. Mu kuwa ba a taɓa ajiyar mutum, ko tsumma ce, sai mai ita ya zo. Shi ya sa ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Manyan kaya biyu ne a ciki, kuma dole ɗaya ya fita. Na farko bidiyon bikin ɗiyar yayana, tun daga kamu har kai amarya, har da wanke tukwane. Na biyu Inna ce, mahaifiyarmu. A damunarta ta ƙarshe na riƙa jingina waya a bango ina ɗaukarta tana surfe, tana waƙoƙin da ta koya wurin kakarta, tana faɗa da kaji. Ba ta a wayar kowa. Nan kaɗai ta rage.

Na kira Yaya, don a san na bi ƙa'ida. Na faɗa masa halin da ake ciki, na ce ya zo da memori ya kwashi bikinsa.

"Ina gona, ba ni zuwa. Kuma kada ki taɓa mani ajiya."

"To Yaya, wuri bai isa. Mi kake so in cire?"

"Ki cire na Inna mana. Wadda ta rasu addu'a take so, ba kallo ba. Ki bar ta ta huta."

Raina ya ɓaci. Bikin nan yana wayar amarya, yana wayar ƙawayenta, yana wurin mai hoton da ya ɗauka. Addu'a kuwa ba shi zai koya mini ba, kullum ina yi mata. Tun ina yarinya ake ce mini ki bari, yayanki ne. Na bar masa ƙafar kaza, na bar masa inuwar zaure. Wannan kam ban bari ba.

"Yaya, ka ji da kunnenka, kada a ce maka an ce. Naka zan goge."

Na kashe wayar. Mai gyara ya janye hannunsa, ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Na ce ya matsa. Ni na danna da yatsana na goge bidiyon bikin, na kuma bi shi kwandon shara na kwamfutar na zubar. Ya sake haɗa faifan, wannan karon aiki ya kama. Tsohon yana ƙas-ƙas, ni ina salati, har aka kai ƙarshe.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Gwaggo ta aiko a ce mini na ci amana. Na ce a gaishe ta, a kuma faɗa wa kowa ya zo ya kwashi kayansa, rumbu ya rufe.

Yaya ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, fuska a murtuke, ya ƙi zama. Ban ba shi haƙuri ba. Na buɗe laftof na kunna. Ga Inna da taɓarya, zani ɗaure a ƙirji, tana waƙa. Can sai ta katse, ta waiga ƙofa ta ɗaga murya:

"Kai babba! Sai ka ci tuwo za ka fita, ko kallona ka tsaya yi?"

Shi take yi wa magana, a wancan yammacin. Yaya ya zauna a bakin tabarma. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini.

"Tura mani."

Na ce a'a. In yana son jin Inna, ya san hanyar gidana.