Ɗangana Shofer da Gaisuwar Tsakiyar Kori

Mahaifina, Ɗangana Shofer, wato direba, ko a inuwar bangon lakol, makarantar boko, bai taɓa zama ba, amma daga Madawa har Keita babu hanyar da bai san ramukanta ba. Ni ce Lantana, autarsa, kuma ni kaɗai ce a gidan nake iya ce masa, "Kai Baba, ka cika kuri," in kwana lafiya. Yayyena kuwa ko tarinsa suka ji sai kowa ya kama gabansa.

Mutumin Azarori ne. Da jakai ya fara, yana kai albasa kasuwar Madawa, daga nan ya koma tuƙin kamyo, babbar motar kaya. A 1973 wani furoje na taimakon manoma ya ɗauke shi, aka damƙa masa kat-kat, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Shekara goma sha biyu suka yi tare, shi da ita. Ban da babbar giya, akwai wasu ƙananan sanduna biyu kusa da gwiwarsa, ɗaya mai kai rawaya, ɗaya mai jan kai. In hanya ta yi rairayi sai ya danna mai rawayar da tafin hannu, ƙafafun gaba su kama aiki. In kuma hawan dutse ne, irin na wajen Keita, sai ya tsaya cak ya ja mai jan kan baya, motar ta yi ta gurnani tana hawa sannu-sannu kamar tsohuwa da tulu. Wannan shi yake ce wa karabo. Ba ya shiga kori, wato rafin da ke bushewa sai an yi ruwa, sai ya sauka ya taka shi da ƙafarsa daga gaɓa zuwa gaɓa, ya rage wa tayoyi iska, ya yi bismilla.

Matan ƙauyuka sun mai da shi ɗan aike. Wannan ta ba shi kaza ya kai wa ɗiyarta a Buza, waccan ta ba shi kwaryar daddawa. Zai yi ta faɗa yana cewa motar furoje ba jakar kowa ba ce, yana faɗan yana karɓa. Akuya ce kawai ya rantse ba ta ƙara shiga masa gaba, tun da wata ta cinye masa takardar hanya.

A 1985, bayan shekarar yunwa, abu biyu suka zo furojen rana ɗaya: sabuwar kat-kat fara fat, da sabon shef, wato shugaban aikin. Shef ɗin yana son matasan direbobi, waɗanda suka yi lakol, masu iya karanta littafin mota. Ya dubi furfurar Baba ya ce ya ba shi wata ɗaya na gwaji. In motar ta sami wata matsala a hannunsa, to ya ajiye makulli. Baba ya dawo gida yana dariya, wai yaro zai gwada shi. Amma ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Mutum ya haura hamsin, ba shi da gonar kirki, ba abin da ya sani sai sitiyari. In aka raba shi da shi, sai zaman gindin bishiya.

To, ga maigidana. Yanzu na tsufa, zan iya faɗin sunansa: Illa. Makaniki ne, ya yi shekara biyar a garejin Abijan, kuma babu irin motar da bai kwance ba. Da ya dawo sai ya kama aiki a garejin bakin kasuwa. Shekararmu uku da aure a lokacin, amma tsakaninsa da Baba ban da gaisuwa babu wata magana da ta taɓa shiga. In suka haɗu a hanya, Illa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Baba ya kau da kai gefe yana amsawa. Kunyar suruki ke nan, kuma su biyun sun riƙe ta kamar da su aka fara ta.

Sati na uku na gwajin, damina ta faɗi, aka aiki Baba ya kai buhunan irin hatsi Babankatami. Ranar kuma ta dace da sunan ɗan yayata a can. Illa ya so ya bi motar kasuwa, bai samu ba, dole ya hau bayan motar Baba ya zauna kan buhuna, takalmansa a hannu. Ni kuwa na hakimce a gaba abina.

Bayan mun wuce Buza muka iso wani kori mai faɗi, busasshe ƙayau, rairayi kamar gari. Baba ya sauka ya taka shi, ya rage iska, ya dawo. Sabuwar motar ba ta da mai rawaya da mai ja, ƙaramar sanda ɗaya ce tak, ya ja ta inda ya ga ya kamata. Muka shiga. Muna kai tsakiya motar ta tsaya, ƙafafun baya suka shiga tono. Ya koma baya, ta tona. Ya yi gaba, ta ƙara tonawa, har cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Wannan ai ba mota ba ce, amarya ce!" in ji Baba, yana dukan sitiyari. "Farin fenti kawai gare ta!"

Manoman da ke shuka a gaɓa suka taho, sun fi su ashirin. Aka tura, aka sa kirare, aka tura. A banza. Can wani dattijo ya nuna arewa da sandarsa, inda hadari ya yi baƙi ƙirin, ya ce tun hantsi ake ruwa a duwatsun can, korin nan zai kawo kafin la'asar. Kowa ya san halin kori, ba ya jira a yi ruwa a kanka. Na dubi Baba, na ga gumi na bin gemunsa.

Illa ya yafuto ni bayan mota, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙafafun gaba ba su ja. Wannan ba kamar tsohuwar ba ce. Akwai abin murɗawa a cibiyar kowace ƙafar gaba, sai an sauka an kulle su da hannu, sannan sandar ta yi aiki."

"To ka faɗa masa mana!"

"Ni? In koya wa Baba tuƙi a gaban jama'a? Gara korin ya tafi da ni."

"To ni in faɗa."

"In kika faɗa, kowa ya san bakin wa kika ara. Kafin gobe labari ya kai Madawa cewa suruki ne ya fitar da shi."

Wallahi kamar in shaƙe shi don haushi. Ga ruwa na tafe, ga aikin ubana na shirin bin ruwa, shi kuma yana nan yana auna kunya da mudu! Amma na san gaskiyarsa. In shef ya ji Baba bai san motarsa ba, da wannan da ruwa ya tafi da ita duk ɗaya ne.

Sai Illa ya ɗauki shebur ya zagaya dama, ya durƙusa a ƙafar gaba kamar mai kwashe rairayi, ya murɗa cibiyar. Saura ta hagu, kuma ɗaya ba ta aiki sai da ƴar'uwarta. Ta hagun kuwa tana daidai ƙarƙashin tagar Baba, shi kuma ya leƙo da kansa waje yana ba masu turi umarni.

Ina kallo mutumin nan ya ajiye shebur, ya kakkaɓe riga, ya zo ya durƙusa a gindin tagar, bayansa jingine da tayar.

"Baba, ina wuni?"

Jama'a suka juyo suna kallo. Baba ya ɗaure fuska. Amma gaisuwar suruki ba a ƙin amsa ta, kuma ba a amsa ta ana kallon ido. Ya kau da kai can wajen kujerata.

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

Hannun Illa yana bayansa yana fama, abin sabo ne, ya yi tauri. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Azarori, har da jikin wata gwaggo da ta warke tun bara. Gaisuwa ta kusa ƙare masa.

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Baba, haƙoransa a cije.

Wani cikin manoman ya ce, "Kai, wannan yaro da ladabi yake!" Ni kuwa na cusa gefen zane a baki don kada dariya ta tona mu. Illa ya miƙe, ya ɗan gyaɗa mini kai. Na shiga mota na ce, "Baba, ka ƙara gwadawa sau ɗaya, don Allah."

Ya harare ni, ya ja ƙaramar sandar zuwa karabo, ya sa giya ta biyu, ya saki ƙafa a hankali. Motar ta girgiza, ta ɗaga hanci, sai ga ta tana fita daga ramin da ƙafa huɗu, tana tafiya kamar ba ita ba. Ba mu daɗe da hawa gaɓa ba muka ji rugugi. Ruwa ya taho ja wur, da rassan itace da wata bukkar gona a kansa, ya shafe inda muka tsaya.

Aka yi ta ihu, "Ɗangana! Sai kai, na Azarori!" Da wata rana ce, da sai ya ba su tarihin duk korin da ya taɓa ƙetarewa. Ranar ɗaga hannu kawai ya yi, muka wuce.

Da muka hau fako, inda ƙasa ta yi tauri, ya tsayar da mota. Ya sauka, ya tsuguna a ƙafar hagu ya daɗe yana dubawa, ya shafa cibiyar da yatsa, ya zagaya ya duba ta dama. Ya dawo ya zauna, idonsa na kan hanya.

"Auta, tambayi mutumin nan naki. In an hau tauri, cibiyoyin nan barinsu ake yi ko mai da su?"

Na leƙa ta taga na tambaya. Illa, daga kan buhuna, kansa a sunkuye, ya ce, "Ki ce wa Baba mai da su ake yi, don kada ta sha mai da yawa, sitiyari kuma ya yi nauyi." Baba yana jin kowace kalma, amma sai da ya jira na maimaita. Haka muka yi har Babankatami, ki ce masa, ki ce wa Baba, wuyana har ya ƙage don juye-juye. Kafin mu isa babu maɓallin da bai san aikinsa ba a motar nan.

Shef bai taɓa jin labarin ba. Watan gwaji ya cika, makulli ya zauna a aljihun Baba shekara huɗu cur, har idonsa ya fara hazo ya je da ƙafarsa ya ce ya isa haka. A lokacin shef ɗin ya daɗe da saukowa, har kuka ya kusa yi. Ya ce wa Baba ya zaɓi wanda za a ba motar, duk wanda ya ambata shi za a ɗauka.

Maigadin ofishin ne ya ba ni labari. Ya ce Baba ya daɗe yana jujjuya makullin a hannu, ya kau da kai wajen bango, sannan ya ce, "Akwai wani yaro a garejin bakin kasuwa. Sunansa ba ya faɗuwa a bakina. Amma duk ƙasar nan, shi kaɗai na yarda ya zauna inda na zauna."