Gwaggo Ladi a Bayan Raga

Duk wanda ya taɓa raka Gwaggo Ladi kallon ƙwallon mata ya san ba ta zama ko'ina sai bayan raga. Ko tikitin inuwa ka ba ta kyauta, sai ta nemi mai na rana sun yi musanya. Kuma ba ruwanta da wanda ya ci wasa. Gola take zuwa kallo, tamu ko tasu.

Yayar babana ce, atamfa take sayarwa a Zariya. Da ta ji a rediyo 'yan matanmu za su buga da wata ƙasa, sai ta ja ƙofar shago ta nufi tasha. Baba ya taɓa ce mata, "Yaya, da girmanki?" Ta ce, "Audu, girman ne ma ya sa ake ba ni gidan gaba a mota."

Shekarar da aka buɗe sabon filin wasa na Abuja ina aji biyar, ni ce golar makarantarmu. Muka je wasa Gwagwalada aka zura min shida, ta ƙarshe ma ta tsakanin ƙafafuna ta wuce. Na dawo gidanmu a unguwar Gudu, na cusa safar hannuna ƙarƙashin katifa, na ce ni da ƙwallo har abada. Malamar wasanni ta aiko cewa in ban zo atisaye ranar Litinin ba, za ta ba wata gurbina. Na ce ta bayar.

Ranar Asabar sai ga Gwaggo da ƙaton fulas da dardumar sallah. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Rakiya, sa takalmi, ke za ki riƙe min kunu." Na ce ba inda za ni. Ta ce ai ba tambayata ta yi ba.

A ƙofar fili mai bincike ya tare mu. "Mama, ba a shiga da wannan."

"Oga, kunun tsamiya ne."

"Ko mene ne, doka ne."

Ta kwance murfin, ta tsiyaya, ta miƙa masa. "Sha. In bam ne mu tafi tare." Ya kurɓa, ya shanye, ya sake miƙo murfin. Ta ce, "Bincike kake yi ko karin kumallo?" Da kansa ya buɗe mana hanya.

Da wata ƙasa mai jin Faransanci ake wasan. Golarsu siririya ce, cikin rigar ruwan ɗorawa, tana gabanmu daidai. Ba a jima ba muka ci. Fili ya ɗauka, ganga da kakaki, ni ma na manta ina fushi na miƙe. Gwaggo tana zaune, idonta a kan yarinyar da ke kwance a ciyawa. Ta ɗaga murya: "Sannu 'yata. Tashi ki karkaɗe."

Wani bakanike daga Apo, fuskarsa duk koren fenti, ya juyo. "Hajiya, ke wane gefe ne?"

Ta ce, "Ku dubu nawa ne kuke yi wa wadda ta ci ƙwallo ihu? Waccan ni kaɗai gare ta."

Kafin hutun rabin lokaci an ci ta uku. Ni a zatona mun huta da jin kunya, tunda za a sauya gida, golarmu ce za ta dawo gabanmu. Ina. Gwaggo ta naɗe darduma ta ce mu tafi. Muka zagaye filin nan kaf cikin rana, ina rungume da fulas, muna taka ƙafafun mutane suna tsaki, don kawai mu bi yarinyar zuwa ɗaya ragar.

Na ce, "Gwaggo, ba ta jin Hausa fa."

Ta ce, "Ai ba fassara na ce ta yi min ba."

Aka tashi biyar da nema. Na ce, cikin baƙin hali irin nawa, "To ga 'yarki nan, ta sha kunya."

Gwaggo ba ta ko dube ni ba. "Duk sau biyar ɗin, wa ya shiga raga ya ɗauko ƙwallon?"

"Ita."

"Ke da aka ci ki shida, wa ya ɗauko?"

Tun a ta huɗu na zauna na jingina da ƙarfen raga, 'yan bayana ne suka riƙa ɗaukowa.

Ta ce, "Ba shidan ne ya taso ni daga Zariya ba. Audu ya bugo min waya ya ce zama kika yi."

Muna nan sai golar ta zo ɗaukar gorar ruwanta a gindin raga. Ta ɗago kai, ta nemo tsohuwar da ta yini tana yi mata magana, ta ɗaga mata safar hannu. Gwaggo ta ɗaga mata fulas, wanda ko ɗigo babu a ciki.

Ranar Litinin na ɗaga katifa, na zaro safar hannuna. Wasan da ya biyo baya uku aka ci ni, kuma duk ukun ni na ɗauko.

Sai a wurin zaman makokin Gwaggo na ji tsofaffi suna cewa shekarar da ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu, tana fita takaba ta buɗe shago, ta share ƙofa da hannunta. Ba ta taɓa faɗa min ba, ni kuma da gaggawata ban taɓa zama na tambaya ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Ladi, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta bar wadda ta faɗi ita kaɗai ba, ya Allah kada ka bar ta ita kaɗai. Amin.