Kuɗin Ruwan Zafi

A unguwarmu a Zariya, idan mutum ya yi sallama da kati rataye a wuya yana tambayar takardar wuta, ba a tsayawa yi masa tambaya. Da gudu ake ɗaukowa, domin tsaninsa na can jingine da falwaya. Da wannan ilimin na zo Amurka, kuma da shi na buɗe ƙofa wata safiya a garin Clinton, ina da cikin wata bakwai, maigidana ya fita da tasinsa cikin Washington tun asuba.

Wani dattijon Bature ne, fes da shi, ga kati a wuya, ga allon rubutu a hannu. A duk dogon Turancinsa abu biyu na kama: lantarki, da takarda. Gidan da muke haya komai nasa na wuta ne, murhu, hita, har tankin ruwan zafi. Na shiga da sauri, da tulun cikina, na zazzage durowa na kawo masa bil ɗin da muka biya, har ina nuna masa da yatsa cewa ba a bin mu ko sisi. Ya yi murmushi, ya kwafi wata doguwar lamba, ya buga waya ya miƙo mini. Wata mata ta yi ta jero tambayoyi. Duk inda ta ja numfashi sai in ce oke, kamar yadda muke cewa to idan babba na magana, wato ina jin ki, ci gaba. Da ya tafi na zauna a kan matakala ina hamdala an bar mana wutarmu. Ban ma ga abin ba wa maigida labari ba.

Na haihu a tsakiyar hunturu, 'ya mace. Mahaifiyata, Inna, ta iso kwana biyu kafin suna, akwatinta cike da kanwa da gero da yaji, ta zo yi mini wankan jego. Ta tara hannu a famfon banɗaki ta taɓe baki.

"Wannan ne ruwan zafin naku? Ai ko kaza ba zai fige ba."

Daga ranar manyan tukwane biyu suka hau murhu, safe da yamma. Ta tafasa, ta juye a baho, ta yi ta fyaɗa mini da tawul tunda babu ganye, ina ihu tana ce mini raguwa. Hita kuwa ta sa aka ƙure ta, wai sanyi ba ya shiga jikin mai jego ya fita. Shekarar an yi sanyin da har 'yan ƙasar suna kuka da shi.

Bil na farko da ya zo bayan haihuwa ya ninka wanda muka saba fiye da sau uku. Maigida ya kira ni ɗaki, ya tura ƙofa, ya yi ƙasa da murya don kada surukarsa ta ji.

"Wankan nan ne. Ban ce a daina ba, amma ki duba ki gani."

Kuɗin asibiti da na tikitin Inna da ragon suna sun riga sun kwashe abin da ke hannunsa. Ya biya rabi. Bayan 'yan makonni wani bil ɗin ya zo wanda ya fi na farkon, sannan wata takarda daban mai jan rubutu, ɗauke da ranar da za a yanke idan ba a cika ba. Na tambaye shi ko idan masu yankan sun zo zan iya roƙonsu, in nuna musu jaririya. Ya ce ai nan ba mai zuwa, daga ofis ake latsawa.

Wannan maganar ita ta hana ni sukuni. A gida ko ba komai akwai mutum a kan tsani, kana iya kama ƙafarsa ka haɗa shi da Allah. Nan ban san wa zan roƙa ba. Idan firij ya yi shiru sai in tashi in latsa makunnin fitila in gani. Ina shayarwa ina kallon tagar da ƙanƙara ta daskare a jikinta, ina lissafin awa nawa ɗakin zai yi kafin ya huce, da zani nawa zan naɗe yarinyar da ba ta kai nauyin kwano biyu na shinkafa ba. Tsoro nake ji ƙwarai, irin wanda ke sa nono ya ɗauke.

Inna ba ta jin Turanci, amma jan rubutu ba ya buƙatar tafinta. Tukwane biyu suka koma ɗaya, sannan wankan yamma ya ɓace. Wata safiya na shiga ɗakinta na ji kamar na buɗe firiza. Ta toshe ramin da iskar ɗumi ke fitowa da sallaya, wai don zafin ya tafi wajenmu, ta zare ƙaramar hitar da muka saya mata, tana zaune cikin rigunan sanyi biyu na maigida tana tari. Da ruwan sanyi take alwala, bayan hannunta duk ya tsage.

"Inna, me ya sa haka?"

"Ni da na zo taimako, ba zan zama ni ce na kashe wa yaron nan gida ba."

Wadda ta warware mana ita ce wata babbar yaya da muke kira Anti, ma'aikaciyar jinya 'yar Kano da ke zaune kusa da mu a garin Upper Marlboro. Ta zo duba ni, ta tarar ina kuka, ta ce in kawo takardun duka, tsoho da sabo. Ta shimfiɗa su a kan gado, ta sa tabarau.

"Kin ga, bil ɗin nan gida biyu ne. Sama, masu wayar wuta da mita ne, su ba a canza su. Ƙasa, masu sayar miki da wutar ne, su kuma a jihar nan kasuwa ce, kowa da farashinsa, ke ce za ki zaɓa. Duba tsohon. Yanzu duba sabon. Sunan ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne.

"An sauya muku kamfani. Wata biyun farko sun yi muku araha, daga nan farashin ba shi da linzami, duk wata yadda suka ga dama. Wankan ya ƙara, ban ce bai ƙara ba, amma ba shi ne ya yi wannan ba. Wa kuka ba lambar akawun ɗinku?"

Na gaya mata zancen mai kati a wuya. Ta tambaya ko an haɗa ni da wani a waya, na ce e.

"Me kika ce?"

"Oke kawai na ce."

"Ƙanwata, oke ɗin nan sun naɗe shi a na'ura. A wurinsu sa hannu ne."

Ita ta zauna a kan waya fiye da awa guda, ta mayar da mu farashin masu mita, ta sa aka ɗage ranar yankan aka raba mana biyan kashi-kashi. Ta koya mini inda ake duba kuɗin kowane ma'auni na wuta, da tambayar da ake fara yi wa duk mai talla: farashin tsayayye ne ko mai yawo, kuma har zuwa yaushe. Maigida da na gaya masa bai yi faɗa ba, ya dai yi kwana biyu yana amsa mini da ka.

Inna na samu a kicin na yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa ni ce na jawo, ba tukwanenta ba. Ta saurare ni har na gama.

"Allah ya yi miki albarka. Ko ni ce haka zan faɗa wa uwata."

Na rantse mata. Ta ce in daina rantsuwa ina jego. Kara ta ɗauka nake yi mata, kuma duk yadda na ƙara bayani sai ta ƙara tabbata. Ba ta sake ɗora babbar tukunya ba har na yi arba'in.

Ranar da za ta koma, a filin jirgi, maigida ya tafi auna kaya. Ta jawo hannuna ta danƙa mini wani ƙullin hankici, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun mai kaushi. Na ji abin da ke ciki tun ban kwance ba, na ɗaga ido na ga kunnuwanta babu komai. 'Yan kunnen zinaren da ta sayo a Makka ne.

"Ki ba shi bayan na tafi," ta ce. "Ki ce na ruwan zafi ne. Kada ki bari ya dawo mini da su, kunya zan ji."