Baba Sajo Mai Zubin Tukunya da Masu Neman a Tashe Shi

Kafin Keke Napep na farko ya fito daga Lokuwa, Baba Sajo ya hura gawayinsa. Yana murza wilin keken da ke ba wutar iska, yana jefa gwangwanin lemo da fasassun tukwane cikin kaskon ƙarfe. Abin da ka taka jiya a bakin kwata, da hantsi ya narke ya zama ruwa fari mai sheƙi. Sai ya kwashe dattin da ya taso, ya tsiyaya ruwan cikin ƙasar da ya danne da siffar tukunya. Kafin ka shanye kofin shayi ya daskare. Ya fasa ƙasa, ga tukunya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka.

Ni aji uku na tsaya a firamare, shi ko ƙofar ajin bai taɓa leƙawa ba. Amma ya san abin da masu takarda da yawa ba su sani ba. Ba ya tsoma ludayi a kasko sai ya gasa shi. Ƙasar zubi ma sai ya dunƙula ta a tafinsa ya ji laimarta. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗigon ruwa in ya shiga narkakken ƙarfe, tururi yake zama nan take. Tururi kuwa ba ya yarda a danne shi. Tashi zai yi da ƙarfen ya watsa maka a fuska."

Daminar da ta wuce aka ga gaskiyar maganar. Kaskon ya tsage, narkakken alminiyam ya malalo ƙasa ya doshi rumfar Roda mai ƙosai. Murtala mai shagon atamfa ya taho a guje da bokiti cike da ruwa. Roda tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce tsohon ya daka tsawa, "Kai Murtala, kada ka zuba! Yashi! Busasshen yashi!" Murtala ya ce, "Baba matsa, wuta ce!" ya ɗaga bokiti. Tsohon ya sha gabansa ya ture bokitin gefe. Ɗan ruwan da ya fallatsa kan ƙarfen ya yi ƙara kamar bindiga, ya kwashe wa Baba Sajo fatar damtse. Roda ta ce, "Da duka bokitin ya shiga, ni da Murtala yau da sanda muke lalube."

To ku ji abin takaici. Murtalan nan shi ne ya zaga sababbin shaguna da takarda, ana sa hannu wai a tashi Baba Sajo, hayaƙinsa na ɓata kaya, wutarsa haɗari ce. Haɗari! Da idon da tsohon ya tsare masa ya ga layin da zai sa hannu. Lokacin da Baba Sajo ya kafa murhunsa a nan, ciyawa ce da awaki. Ranar Asabar mai unguwa zai yanke magana. In aka tashe shi, ina mai shekara sittin da bakwai zai kai murhu? Na same shi ina huci, shi yana ta murza wili. Abin da ya ce kawai, "Bari, zafi ya kama Murtala. Zai huce."

Shi ya iya jira abu ya huce. Ni ban iya ba.

Baba Sajo, dodon gwangwani, kai ne ka ƙi zuba dalmar batir a tukunya don ta yi nauyi, ka ce ba za ka sa wa 'ya'yan mutane guba a miya ba. Kai ne matan Michika da Gella ke ƙwanƙwasa tukunyarka su gane ta da ƙara. Tuwon sunanmu da shinkafar bikinmu a zubinka aka dafa, ba wanda ya taɓa cewa sannu. Yau na faɗa: mun gode, useko, in ji Fulani. Allah ya ƙara lafiya. Matasa masu raina aikin hannu, ku je ku zauna kusa da murhun nan ku koya tun yana nan.

Sauran mu kuwa, ranar Asabar da hantsi, ƙofar mai unguwa. Kowa ya kifa tukunyar gidansa ya duba gindinta. In ka ga ɗigo uku, alamar Baba Sajo ce, ɗauko ta ka taho. Roda ta ce da kaskon suyarta za ta zo. Murtala, na tambayi matarka. Taku ma ɗigo uku gare ta.