Tsintsiyata da Tagwayen Ɗakin Sanyi

A biron, wato ofishin, da na yi aikin shara a Madarumfa akwai ɗakin da ya fi na shugaba sanyi. Ba mai zama ciki sai na'urori biyu baƙaƙe, tsayinsu ɗaya, gurnaninsu ɗaya. Ma'aikata na ce musu sarba, ni tagwaye nake ce musu. An ce duk takardun biron a cikinsu suke. Ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke, su ba sa sani, mu ne ke fifita da kwali.

Lokacin ina da ciki wata bakwai, ɗana na fari bai daɗe da yaye ba, maigidana yana ci-rani a Najeriya. Abu ɗaya ke cin raina: in na tafi haihuwa, wa zai riƙe mini tsintsiyar? Mai shara ba ta da takardar ɗaukar aiki. Kwana uku ba a gan ki ba, an sami wata.

Ran nan mai gyara ya zo daga Maraɗi zai duba guda ɗaya. Ina goge ƙasa, na nuna masa wayar da ke bango. "Malam, in zare maka?"

Ya zabura kamar na ce zan yanka ta. "Ke ƙanwata, rufa mini asiri! Ba a zarewa haka."

Ya zauna yana danne-danne, yana yi mini bayani. Sai an fara sanar da 'yar'uwarta. Sannan a kwashe ayyukan ɗaya bayan ɗaya a miƙa mata, a jira ta ce ta karɓa, a bar wannan ta gama abin da ke hannunta, kana a kashe. Ya kashe kuwa. Masu rubutu a ɗakin gaba ko kai ba su ɗaga ba.

Na ce, "Ikon Allah! Ni da naƙudar fari ta kama ni, ko tukunya ba a bari na sauke ba."

"Ai ke ba daga Turai aka sayo ki ba," in ji shi.

Na koma gida ina juya abin a raina. Na aika garin Gabi aka kira mini yayata, 'yar baffana, da ke zaune ba aiki tun rasuwar mijinta, ga ɗan ciwon ƙafa da ke taso mata jefi-jefi. Sati biyu muna zuwa tare. Yau na miƙa mata baranda, gobe bayi, jibi makulli. Na nuna mata kofin shugaba da ba a wanke shi da sabulu, da wata madam da ba a taɓa mata takarda ko ta faɗi ƙasa. Ranar da na daina zuwa, ba wanda ya lura an canza hannu. Har alfahari na yi.

Na haifi mace. Da na yi arba'in na saɓa goyo na koma. Biro fes. Shugaba ya yi mini barka, ya ce yarinyar ta yi ƙanƙanta, in ƙara hutawa, za a neme ni. Yaya na gefe tana matse tsumma, kanta a ƙasa.

"Wallahi ba haka na so ba," ta ce. Makullin dai na ɗaure a bakin zanenta, ba ta kwance ba.

Zan fita sai ga mai gyara yana sauka daga babur. Na tare shi. "Malam, rannan ban tsaya na ga ƙarshe ba. Wadda ka kashe, da ka kunna ta, yaya aka maida mata aikinta?"

"Maidawa kuma? In ta tashi sai ta gaida 'yar'uwarta, ta kwafi abin da ya wuce ta, ta zauna jira. Abin da ke tafiya lafiya wa zai taɓa shi?"

"To, sai yaushe?"

"Sai ran da waccan ta faɗi."

Yanzu ina gida. Kullum da safe yaya na biyowa ta ƙofarmu za ta biro, in leƙo in ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ya ƙafar nan taki?"

Ta ce, "Garau."

In ce madalla, in koma ɗaki ina istigfari.