Bakin Jan Ƙarfe a Maƙerar Babana

Gidanmu gidan maƙera ne, maƙeran baƙi, a wani ƙauye arewa da Barmu. Kakana hauya ya ƙera, babana hauya ya ƙera, yayyena biyu ma haka. Ni kuwa ina shekara takwas aka ɗauke ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, don an ce kowane ƙauye sai ya ba da yara, mai gari ya duba ya ga ɗan maƙeri ya fi sauƙin bayarwa. Na fito da takarda a hannu, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai na sami aiki a wani biro, wato ofis, ina buga wasiƙu a keken rubutu daga safe zuwa azahar.

Babana bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. In na zo gida hutu sai ya sa a shimfiɗa mini tabarma daga waje, wai kada hayaƙi ya ɓata mini riga. In baƙo ya tambaye shi ƴaƴansa maza, sai ya ce, "Maƙera biyu gare ni, da mushe guda." Mushe shi ne sunan da ake kiran ɗan boko da shi a ƙasarmu. Mutane su yi dariya, ni ma in taya su, amma abin yana cina a rai. Abin da na fi so a lokacin, fiye da ƙarin girma a biro, shi ne tsohon nan ya yarda ni ma ɗan wutar maƙera ne.

A Tawa ina zaune ne a gidan wani tsohon soja wanda ya yi aikin gyaran rediyo a sojan Faransa. Lokacin ƙananan rediyo masu pil, wato batir, sun fara shigowa, ƴan ci-rani ke sayo su daga bakin teku, kuma in ɗaya ta yi shiru ba wanda ya san inda za a kai ta sai wurinsa. Ba sana'a ya ɗauke ta ba, abin kashe yini ne. Ni ma haka na shiga, ranar Asabar da yamma, ina riƙe masa waya. Yana da wani ƙarfen liƙi, bakinsa jan ƙarfe kamar ɗan yatsa, ƙotarsa itace, yana gasa shi a kaskon gawayin da yake dafa shayi. A hannunsa na koyi narka dalma a kan waya, na koyi cewa bakin ƙarfen nan sai an shafe shi da dalma ya yi fari fat kafin ya yi aiki, kuma in an gama ba a goge ta, da ita ake ajiye shi.

Bayan shekara ɗaya ya tashi zai koma Yamai wurin ɗiyarsa. Na sa rai zai bar mini ƙarfen, har na riƙa yi masa ladabin da ya wuce kima a makon ƙarshe. Ya bar mini dalma da ɗan gwangwanin ƙaro mai ruwan zuma wanda ake tsoma bakin a ciki, ya sa mini albarka, ya naɗe ƙarfensa a tsumma ya tafi da abinsa.

Nan na fara yawon nema. Ranar Lahadi na shiga kasuwa wurin masu fitilar gwangwani, na sayi irin nasu, mai kai kamar ƙaramin gatari. Da shi na narka gefen rediyon wani abokin aikina, muka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. A wani kanti na ga na lantarki, kyakkyawa cikin kwali, amma unguwarmu ko sandar lantarki babu. Na gwada ƙusa, na sa mata ƙota. Ƙusa takan yi zafi, amma kafin in kai ta kan waya ta huce. Jan ƙarfe ne kawai ke riƙe zafi ya miƙa shi da sauri, kuma ƙarami nake so, mai tsini. Na san mutum ɗaya da zai ƙera mini shi yadda nake so, na kuma san ba zai so ba.

Da bazara na je gida, lokacin da kowa ke kawo hauyarsa gyara kafin ruwa ya sauka. Yayyena ba su dawo daga ci-rani ba, babana shi kaɗai ne a maƙera. Na tsuguna a ƙofa na zana masa abin a ƙasa da tsinke.

"Jan ƙarhe?" ya ce. "Wanga aikin maƙeran hwari na. Tahi wurin masu zobba su yi ma."

"Baba, hannunka nika so."

Ya ci gaba da dukan hauya. Inna ce ta ji mu tana wucewa da ruwa. Ta ajiye tulu, ta murɗa wata tsohuwar munduwar jan ƙarfe daga hannunta, ta ajiye a kan uwar maƙera. "In kai ba ka yi mai ba, wa za ya yi mai?" ta ce da babana. "Ga ta nan, dama ta daɗe tana cin hannuna."

Ya yi shi ne yana mita, wai ƙarfen ba shi da zuciya, laushi kamar tuwon da ya kwana. Amma hannu ya fi baki gaskiya. Ya fitar da baki mai fuska huɗu, siriri, ya ɗaura shi a kan sandar baƙin ƙarfe, ya feƙe ƙota da itacen aduwa. Ya fi na tsohon soja kyau nesa ba kusa ba. Na ga yana juya shi a haske yana dubawa, ya ga na gan shi, ya miƙo mini kamar abin banza.

Labari ya zaga cewa mushe ya zo da aikin rediyo. Washegari da hantsi wani maƙwabcinmu da ya dawo daga bakin teku ya kawo tasa, wata biyu ke nan ba ta yi magana ba. Mutum bakwai ko takwas na zaune suna jiran hauyoyinsu. Na buɗe bayanta, na ga abin ba komai ba ne, waya ɗaya ce ta ɓalle daga wurin da pil ke zama. Aikin da ba zai ɗauki tsawon shan ruwa ba. Har na ji daɗi a raina, na ce yau tsoho zai gani.

"Kawo in gasa ma," in ji babana.

Ya cusa bakin cikin tsakiyar wutar maƙera, ya ce da mai rediyo ya kama zugazugi. Mutumin ya kama da ƙarfinsa duka, don maganar rediyonsa ce. Ina gani, na san abin da zai faru, amma ban hana shi ba. A wurin maƙerin baƙi ƙarfen da bai yi ja ba bai nuna ba, haka ya tarar, haka yake yi tun kafin a haife ni. Ya bar shi sai da ya yi jawur, sannan ya zaro ya miƙo mini ta ƙofa. "Ga shi, ya nuna."

Na taɓa dalma a jiki, ta yi cuu, ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Da jan ya lafa sai bakin ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɓawo. Na sake taɓawa, dalma ta dunƙule ta gangaro kamar kashin awaki, ko kusa ba ta kama ba.

"Wuta ba ta isa ba," babana ya ce. "Zuga."

Aka sake, aka sake samun abin da aka samu. Wani daga cikin masu jira ya ce, "Mushe, ko dai a kai ta biro a buga mata takarda?" Aka kwashe da dariya. Ban damu da dariyarsu ba. Abin da ya dame ni shi ne babana ba wutar yake kallo ba, hannuna yake kallo, kuma a fuskarsa ba fushi, sai tausayi. Ya gama yanke hukunci cewa alƙalami ya kashe mini hannu.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in yi shiru in rufe rediyon mutane, in tabbata mushe a idonsa har abada, ko in faɗa wa mutumin da duk ƙasar Barmu ke kawo wa ƙarfe cewa ya yi kuskuren wuta, a maƙerarsa, gaban jama'a. Tsoro ya kama ni sosai. Na tuɓe takalmi, na sunkuya na shiga ciki, na durƙusa kusa da shi har gwiwata na taɓa toka, na yi ƙasa da murya.

"Baba, ba ƙirarka ba ta, ba kuma hannuna ba na. Wutar ta yi yawa."

Ya dube ni. "Wuta ta yi yawa? Cikin maƙera?"

"Shi wanga ba ya son ja. In yay yi ja ya ƙone. Ka ara mani magagari."

Duk ƙasa da muryar da na yi, kowa ya ji, don wurin ya yi tsit. Daga baya babana ya turo mini magagarin da ƙafa.

Na jira bakin ya huce, na goge fuskokin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya har ɓawon ya fita, jan ya fito yana ƙyalli. Na ɗauki wani fasasshen kasko, na ɗebi garwashi kaɗan daga gefen wuta da awartaki, na kwantar da bakin a kai ba zuga. Ɗan jimawa kaɗan na ɗaga shi kusa da kuncina, yadda tsohon soja ke yi, na ji zafin na bugowa amma ba ya cizo. Na tsoma a ƙaro, hayaƙi mai ƙamshi ya tashi, na taɓa dalma. Ta narke ta bi jikin bakin da kanta, ta rufe shi ya yi fari tas. Na share a jiƙaƙƙen tsumma, na ɗora a kan wayar, na ƙirga uku a zuci, na ɗaga.

Mai rediyo ya mayar da pil. Ta yi ƙara, ta yi tari, sai ga goge na tashi a maƙerar babana. Mutanen da suka yi dariya ɗazu suka taso suka kewaye ta, aka manta da ni, aka manta da hauyoyi.

Babana bai je wurin rediyo ba. Ya ɗauki ƙarfen ya duba farin bakin, ya kai shi kusa da kuncinsa, ya sake dubawa. Sai ya nufi kwatarniyar ruwa da shi zai tsoma, yadda yake yi wa kowane ƙarfe in an gama. Na ce, "Baba, a bar shi ya huce da kainai, da dalmar a jiki, ita ka tsare shi." Ya ce, "Uhm," ya ajiye a kan dutse. Yinin nan bai ƙara ce mini komai ba, ni kuma na kasa gane ko na gyara ne ko na ɓata gaba ɗaya.

Da safe na ɗaure kayana zan taka zuwa Barmu in tari mota, Inna ta ce yana kirana. Na same shi a maƙera shi kaɗai, ya riga ya hura wuta, ƴar ƙarama a gefe guda. A gabansa ga butar alwalarsa ta gwangwani, wadda ta yi huji kamar na allura a gindi, ya daɗe yana toshewa da tsumma. Ya nuna mini wurin zamansa, gaban uwar maƙera, shi kuma ya zagaya ya zauna a bayan zugazugi.

A gidanmu babban maƙeri ba ya zuga wa kowa. Tun rasuwar kakana ba wanda ya ga babana a wurin nan. Na tsaya da jakata a kafaɗa na rasa abin yi, idona ya cika.

"Zamna mana," ya ce. "Ni ban san wagga wuta taku ba. In ta isa ka hwaɗa mani."

Na ajiye jaka na zauna, na kankare gindin butar, na kwantar da bakin a kan garwashi. Ya fara zuga a hankali, hannun da ya saba da ƙarfi yana ta ƙoƙarin riƙe kansa, idonsa a kaina. Na ɗaga ƙarfen kusa da kuncina.

"Ta isa, Baba," na ce.

Ya tsayar da hannunsa.