Bayan Labulen Mai Sikeli

Shekara talatin da ɗaya shagona na ɗinki yana jingine da nasa, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani abu "na yarda" a karon farko ba. Gyaran sikeli ce sana'arsa, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Sikeli. Ya ga maganaɗisu manne a ƙarƙashin faranti, ya ga dutsen awo da aka rarake cikinsa, ya ga mahaucin da ke jingina ɗan yatsa yana ɗebe wa mai saye hankali da hira. In ya gama gyara, sai ya ɗiga jan kaki a kan ƙusar daidaitawa, don a gane idan wani ya taɓa. Yakan ce mini, "Tela, sikeli ba ya ƙarya, hannun da ke kusa da shi ne." Ko ni, in na ɗinka masa riga sai ya juya ta baibai ya bi ɗinkin da farce.

Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya: kunnensa. A ɗakin sama na gidansa akwai kayan sauti da ya yi shekara ashirin yana haɗawa, sifiku biyu da tsayinsu ya kai ƙirjina, kowace an zana mata mazauninta da fenti a ƙasa. Matarsa ba ta isa ta goge musu ƙura ba.

Da zuciyarsa ta fara ba shi wahala, likita ya hana shi hawa bene. 'Ya'yansa suka ce a sauko da kayan. Ya ce atafau, ɗakin ma yana cikin kayan. Sai aka share masa ɗan ɗakin ajiya na kusa da kicin don ya haɗa na biyu. Babbar 'yarsa ta kawo ƙananan sifiku masu kyau, ya yi mako yana ƙwanƙwasa jikinsu kafin ya karɓa. Saura amfilifaya, akwatin da ke ba sifiku ƙarfi.

Akwai wani Dogo mai shagon irin waɗannan kaya, na hannu amma na manya, ya yarda a riƙa ɗauka a gwada kwana uku. Mai Sikeli ya ce ido ɓarawo ne, in ya ga ƙyalli sai ya ruɗi kunne. Ya sa na ɗinka baƙin labule mai kauri, muka rataya a gaban teburin da ake ɗora amfilifaya. Shi yana kujera a tsakiyar ɗaki, ni ina bayan labule ina sauya wayoyi. Faifai ɗaya kullum, mutum ɗaya yana waƙa da sarewa a bayansa. Dokarsa ita ce muryar ta tsaya a tsakanin sifikun, daidai hancinsa.

Ta farko baƙa ce, mu biyu da Dogo muka ɗaga ta muna nishi. Ya saurara ya ce, "Ƙarfi kamar sa, ladabi babu. Kuma mai waƙar ya karkata dama."

Ta biyu mai ƙwayayen gilashi ce da ke yin ja in sun ɗauki zafi. Ya lumshe ido. "Wannan tana shafa wa murya mai. Amma nan ma mai waƙar ya gudu dama."

Da aka mayar da ta uku kan wannan laifin, Dogo ya biyo ni gidan da kansa.

"Baba, wallahi na auna ta da na'ura. Hagu da dama daidai suke."

"Na'urar taka wa ya auna ta?"

"Haba Baba!"

"Baba na gidanku. Ku dai kun samu tsoho a kwance, kuna kwaso masa marasa lafiya irinsa."

Ya zargi wayoyi, muka sauya. Ya zargi bango, muka jingina katifa. Ya zargi firijin kicin, matarsa ta kashe shi tana mita. Wata ranar da hantsi ya kira ni daga bayan labule, ya dube ni sama da ƙasa.

"Tela, Dogo ya ɗan shafa maka wani abu ne?"

Na yi dariya, amma maganar ta soke ni, har na kwana biyu ban leƙa ba.

Ranar da na koma an kai shi asibiti awo. Na shiga ɗakin, na yi abin da ban taɓa yi ba: na zauna a kujerarsa na sa faifan. Ga mai waƙar nan cak a tsakiya, daidai hancina. Sai na tuna yadda kwanan nan yake juyo mini da ɓangarensa na dama in ina magana.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta ce, "Tun bara na sani, Malam Tela. In na kira shi ta hagu kamar na kira bango. Abokinka ne, in kana da ƙarfin hali ka faɗa masa."

Ba ni da shi. Mutumin da aka raba da shagonsa, aka raba da ɗakinsa na sama, ni zan ce masa kunnen ma ya tafi?

Na je wajen Dogo na zaɓo ta huɗu da kaina, tsohuwa mai farar fuska, da wani ɗan maɓalli da ke karkata sauti hagu ko dama. Mai Sikeli ya tsani irin maɓallin nan, yana ce masa ɗan yatsan mahauci. Na shige bayan labule, na ɗaura wayoyi, na murɗa shi hagu layi biyu.

Ya saurari waƙar har ƙarshe bai motsa ba. Can ya ce a hankali, "Ga shi nan. Ya dawo gida." Sannan, "Buɗe labulen."

Na buɗe, na tsaya a gaban akwatin. Ya yi mini kallon da yake yi wa mahauta.

"Ka taɓa wani abu?"

"Wayoyi kawai."

Ƙaryar farko ke nan tsakaninmu.

"Matsa."

Na matsa. Tabaransa na aljihu, bai ciro ba. Ya daɗe yana duban fuskar amfilifayar daga inda yake zaune, sannan ya ce, "Rufe. Labulen ya zauna nan, saboda ƙura."

Wata huɗu ya yi yana jin faifansa a ɗakin nan. Kullum na je sai in riƙa karantar fuskarsa: ya gani ko bai gani ba? In ya ce "Tela" gabana ya faɗi, sai ya ce in miƙo masa ruwa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga hannu wai ana waƙa.

Allah ya jiƙansa, ya rasu wata Talata da rana, a kan kujerar.

Bayan mako biyu matarsa ta aiko in je in cire labulena. Na zare shi daga igiya, ina ninkewa idona ya kai kan maɓallin. Jan kaki ne a ɗige a gindinsa, irin wanda yake rufe sikeli da shi. Na durƙusa na ƙirga. Ba layi biyu ba ne, uku ne.

Na ce, "Yaushe ya yi wannan?"

Ta ce, "Washegarin ranar da ka kawo ta. Ni na narka masa kakin. Cewa ya yi, 'Tela bai iya cuta ba, ko cutar ma sai da ya tauye mudu.' Ya ce kar in gaya maka, wai gara ka ɗan sha zullumi."

Na zauna a ƙasa da labulen a cinyata. Ta tambaye ni ko a mayar da maɓallin tsakiya, tunda yanzu masu kunne biyu ne za su ji. Na ce a bar shi, akwai kaki a kai.